Gangar Naɗe Wayar Sona a Kwale-kwale: A Sayo Daga Waje Ko A Ƙera A Kano?

Tambaya: "Assalamu alaikum Injiniya. Mu matasa ne masu ninƙaya a nan Kano, mukan taimaka wajen neman mutum ko kaya idan an yi haɗari a ruwa. An ba mu kyautar ƙaramar na'urar sona, irin wadda ake ja a bayan jirgi tana nuna hoton ƙasan ruwa, da waya mai tsawon mita 50. Yanzu a bokiti muke tara wayar, kullum sai ta harɗe. Shin mu yi odar gangar naɗewa mai mota daga waje, ko ta hannu ta isa? Kuma mai walda zai iya ƙera mana?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya saka muku da alheri, ya kuma tsare ku a wannan aiki. Ta hannu ta ishe ku, har ta yi yawa. Mai mota kuwa, a ruwan da kuke shiga, kuɗi ne kawai za ku zubar, ga nauyin da za ta ƙara wa kwale-kwale, ga batir ɗin da za ta sha. Jikin gangar mai walda zai iya haɗa shi a nan gida in an tsaya a kansa. Abu biyu ne ba a ƙerawa a bakin titi: ita wayar kanta, da zoben juyin da ke barin wuta da saƙo su wuce alhali ganga tana juyawa. Sannan ka riƙe wannan tun daga farko, domin duk sauran maganar a kansa ta rataya: ganga ma'ajiyar waya ce, ba ita ya kamata ta ɗauki nauyin abin da kuke ja ba.

Mu fara da ruwan namu. Madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Audu Bako, ita ce babba a jihar nan. Lokacin da aka gina ta, faɗin ruwanta ya kai murabba'in kilomita 178, kuma in ta cika tana ɗaukar ruwa kusan kubik mita biliyan 2. Raba wannan da wancan, sai ka ga matsakaicin zurfinta bai wuce mita 11 da 'yan kai ba. Kusa da bangon madatsar da kuma tsohon kwarin kogi akwai zurfi sosai, amma yawancin inda ake ƙetarewa da kwale-kwale ba haka yake ba. Challawa ta Karaye da aka gama a 1992 ba ta kai Tiga ba, Watari ta Bagwai kuwa ƙarama ce a kansu. Gangar mai mota an yi ta ne don masu aiki a teku, waɗanda ke sakin ɗaruruwan mitoci na waya mai sulken ƙarfe, wadda ƙato biyu ba za su iya janyowa ba. Ku ba ku da wannan matsalar.

Ga yadda ake lissafin wayar da za a saki. Na'urar da ake jan nan, wadda masu aikin ke ce wa kifi saboda siffarta, ana so ta tashi daga ƙasan ruwa da kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari na nisan da aka saita ta ta hango a kowane gefe. In ka saita mita 50 dama, mita 50 hagu, to kifin ya kasance mita 5 zuwa 10 sama da laka. A ruwa mai zurfin mita 12, ka ce kifin yana mita 7 ƙasa da saman ruwa. Waya marar sulke, a tafiyar da aka saba, tana cin kamar ninki uku na zurfin da kake so, wato mita 21 ke nan ko kusa da haka. Ka ga ko rabin wayarku ba ku taɓa ba. Sauran tana kwance a jirgi, kuma ita wannan ta kwancen ita ke ba ku wahala.

Harɗewar da kake gani a bokiti tana da dalili. Duk zagaye ɗaya da ka naɗa da hannu ta gefe guda, ka sa wa wayar murɗi ɗaya. In aka zo saki, murɗin ba ya ɓacewa, sai ya taru ya zama ɗan zobe, da an ja da ƙarfi zoben ya tsuke ya zama ƙulli. A igiyar guga wannan ba komai ba ne, ka warware ka ci gaba. A wayar sona kuwa ciki ake ji: akwai siraran wayoyin tagulla masu kai wuta da dawo da saƙo, akwai wani zare mai ƙarfi da ake kira Kevlar da ke ɗaukar ja, sai rigar roba a waje. Ƙulli ɗaya ya isa ya karya tagullar ciki alhali rigar waje lafiyarta ƙalau, sai ka ga hoto yana zuwa yana ɗaukewa, ka rasa inda ciwon yake. Tun kafin a yi maganar ganga, daga gobe ku daina naɗin zobe. Ku riƙa shimfiɗa ta a siffar lamba 8 cikin babban baho mai faɗi, domin murɗin rabin farko na takwas ɗin rabi na biyu ke warware shi. In wayar da kuke saki ba ta wuce mita 20 zuwa 30 ba, gaskiya wannan kaɗai ma yana iya isar ku, kuma ba ko kwabo.

To in za a yi gangar, abin da ya fi kowane muhimmanci shi ne kaurin cikinta, wato bututun tsakiya da wayar ke kwantawa a kansa. Nan ne mutane ke faɗawa rami. Mutum ya shiga Sabon Gari ya ga gangar wayar wuta ta roba, mai hannu da komai, ga araha, sai ya ce ai shi ke nan. Cikin irin wannan siriri ne, yana tanƙwara waya fiye da yadda za ta jure. Kowace waya tana da iyakar lanƙwasar da kamfaninta ya rubuta, ka duba takardar na'urarku. Ƙa'idar da aka saba bi in babu takarda ita ce kada kaurin bututun ya gaza ninki 20 na kaurin wayar. Waya mai kaurin milimita 8 ke nan tana son bututu na santimita 16 a ƙalla. Ni dai na fi son a kai shi 30, don ba a taɓa yin nadamar faɗi ba. Da bututu mai santimita 30, zagaye ɗaya yana cin kusan santimita 94, mita 50 kuwa zagaye 53 ne ko ƙasa kaɗan. In faɗin gangar santimita 20 ne, layi ɗaya zai ɗauki zagaye 25, ka ga layi biyu da ɗan ƙari an gama. Fayafayan gefe na santimita 40 zuwa 45 sun wadatar. Wannan ganga ce da mutum ɗaya zai rungumo ya sa a bayan a-daidaita-sahu. Babban ciki yana da wani amfanin kuma: juyi ɗaya na hannu yana janyo kusan mita guda, kuma akwai lokacin da za ka so kifin nan ya taso da gaggawa.

Yanzu zoben juyi, inda kuɗin yake. Ƙarshen wayar na sama dole ya shiga akwatin na'ura da kwamfuta, su kuwa a zaune suke ba sa juyawa. In ganga ba ta da zoben, duk lokacin da za ka saki ko ka janyo sai ka kashe na'ura, ka zare fulogi, ka juya, ka mayar, ka kunna. Wato a daidai lokacin da ƙasan ruwa ke tasowa kana son ɗaga kifi, a lokacin ne allonka zai yi duhu. Wanda kuma ya yi gaggawa ya zare fulogi da wuta a jiki yana iya ƙona akwatin, ko shi kansa ya sha jan wuta, don wasu na'urorin ƙarfin wutar da suke turawa cikin waya ya fi na batir nesa ba kusa ba. Zoben juyi, wanda masu sayarwa ke kira silif rin, shi ke raba wannan gardama: zobba ne na ƙarfe a cikin cibiyar ganga da 'yan burushi da ke gogar su, ɓangare ɗaya yana juyawa, ɗayan yana tsaye.

Amma ba kowane zobe ne zai yi ba. Sai ka san wayoyi nawa ne a cikin taku, wutar nawa ce, kuma wane irin saƙo ke bi. Akwai na'urorin da kifin ne ke sarrafa saƙon ya turo shi a lambobi irin na intanet. Akwai kuma ƙanana da yawa da duk ƙwaƙwalwar tana akwatin sama, abin da ke tasowa ta waya amsa-kuwwa ce ɗanya, mai rauni ƙwarai. Irin wannan ta biyun ba ta son a ƙara mata mahaɗa ko tsawo, zobe mai araha yana iya cika hoton da zane-zane. Don haka kafin ka biya, rubuta wa kamfanin da ya yi na'urar ka tambaye su ko tana karɓar zobe, kuma wane iri. In sun ce a'a, ka tsaya a naɗin takwas, gangar ta zama ta ajiya da ɗauka kawai. Kada kuma ka yarda wani mai gyaran rediyo, komai ƙwarewarsa, ya yanke wayar don ya haɗa ta da zobe. Fulogin da ta zo da shi za a nemo wa abokinsa a dasa a cikin cibiyar ganga. In zoben ya iso, gwajinsa a tsakar gida ake yi: kunna na ɗan lokaci kaɗan, don ba a barin kifi yana aiki a busasshe, wani ya shafa gefen kifin da tafin hannu ka ga alama ta fito a wannan gefen na allo, sannan a juya ganga a hankali. In layuka na bayyana daidai da juyin, zoben bai yi ba.

Mu koma kan maganar nauyi. Idan an saki wayar da ake buƙata, sai a kama ta da mariƙi, ko irin na saƙar waya mai tsukewa in an ja, ko siririyar igiya mai laushi da aka nannaɗa a jikinta, a ɗaure mariƙin a wani gungume mai ƙarfi na jirgin. Daga mariƙi zuwa ganga wayar ta kasance da ɗan sassauci. Ta haka ja yana tafiya jikin jirgi, bai taɓa ganga ba, bai taɓa zobe ba, bai taɓa fulogi ba. In ka sa ɗan guntun robar tayar mota tsakanin mariƙi da gungume, zai riƙa shanye fizgar igiyar ruwa, hoton ma ya fi fita tsaf. Dalili kuwa, sauti a ruwa yana gudun kusan mita 1,500 a daƙiƙa, a nisan mita 50 na'urar tana iya harbawa har sau 15 a daƙiƙa, kowane harbi layi ɗaya ne na hoton. Duk fizgar da kifi ya sha, layukan wannan lokacin sun karkace.

Me ya sa nake nanata wannan? Saboda a madatsun nan kifinku zai maƙale, ba ko wataƙila. Kafin a tare ruwa, wuraren nan gonaki ne da daji da ƙauyuka, kututture da rassan itatuwa suna nan a ƙasa. Ga kallin masunta da aka shimfiɗa, ga igiyoyin ƙugiya, ga gura. Ranar da ya maƙale jirgi yana tafiya, in gangar a kulle take kam kuma ita ke riƙe da ja, ɗaya daga cikin uku ne: waya ta tsinke, ko ganga ta tumɓuke ta bi ruwa, ko kwale-kwale ya karkata. Na ukun nan ne abin tsoro, musamman in an ɗaura wayar a sama kuma a gefe. Shi ya sa nake son birki mai zamewa, irin na bel da ake matsewa da noti mai kunne, wanda in ja ya yi yawa zai bar waya ta fita da kanta, fiye da haƙorin kulle da ba ya sakin komai. Haƙorin a bar shi don lokacin ajiya da tafiya a mota. Igiyar mariƙin ma a zaɓi wadda za ta tsinke kafin wayar ta tsinke. Hannun juyawa kuma ya zama mai cirewa ko mai naɗewa, don ganga in ta kwasa da gudu hannun nan yana iya fasa wa mutum haƙarƙari. Wasu kifayen suna zuwa da wata 'yar ƙusa mai karyewa a inda waya ta kama su, da igiyar tsaro zuwa wutsiya, yadda in an yi karo ƙusar ta karye, kifin ya juyo ya kuɓuce ta baya. In taku ta karye, irinta za ka mayar. Kada a sa ƙusar ƙarfe mai ƙarfi a ce an yi maganin abin.

In kifin ya maƙale, direba ya cire giya nan take, mai waya ya saki, a juyo a hankali a koma ta bayan inda abin ya kama, a ja ta ɗaya ɓangaren. Ba a ƙara wuta. Kuma ko da wasa kada kowa ya naɗa wayar a hannu ko ya tsaya da ƙafa cikin zagayenta. Safar hannu, rigar ruwa ga kowa har da gwanin ninƙaya, da wuƙa a kusa.

Inda wayar ke fita daga jirgi ma abin dubawa ne. Farfela tana yanka waya cikin ƙiftawar ido, kumfar da take tayarwa kuma tana toshe sauti. A ruwa marar zurfi, inda kifin ke kusa da sama, gara a rataye shi ta gaba ko ta gefe da ɗan sanda mai fuli, wato ɗan gargaren da waya ke bi ta kansa, nesa da inji. Fulin shi ma ƙa'idar kauri ɗaya ce da ta ganga. Ƙaramin fuli na shagon kayan gini yana ɓata waya kamar yadda siririyar ganga ke yi.

Abu na gaba mutane suna raina shi, alhali shi ke sa mai nutso ya sauka a daidai ko ya yi ta lalube a banza. GPS yana jirgi, kifi yana baya. Dole ka san mita nawa ka saki, ka shigar wa manhajar. In ka saki mita 20 kifin yana zurfin mita 6, yana bayanka da kamar mita 19. Ka manta da wannan, ka jefa alama a inda jirgi yake, ka tura ɗan'uwanka ya nitse mita 19 daga abin da ake nema, a ruwan damina da ko tafin hannunsa ba ya gani. Ba sai ka sayi na'urar ƙirga waya ba. Salatif mai launi ya isa: zobe ɗaya a mita 5, biyu a mita 10, a canza launi a mita 25, a rubuta jadawalin a jikin fayafayin gangar da fenti. Duk wanda ya tuna haɗarin kwale-kwalen Bagwai na ƙarshen Nuwamban 2021, da aka rasa rayuka da dama akasarinsu ɗaliban Islamiyya, ya san abin da jinkirin nema ke yi wa iyaye da ke tsaye a bakin ruwa.

Wajen ƙira, je Kofar Ruwa ka zaɓi kayanka da kanka. Alminiyam ya fi, don sauƙin ɗauka da rashin tsatsa, sai dai ba kowane mai walda ke iya haɗa shi ba. In baƙin ƙarfe ne, a yi siririn firam a shafe shi da fenti mai kyau. Bututun tsakiya ana iya yin sa da katon bututun roba na ruwa, fayafayan da roba mai kauri ko falanki da aka shafe. A huda fayafayan don iska ta shiga waya ta bushe. Sandar tsakiya ta zama mai rami, ta nan wayar zobe za ta fito. Maimakon boris na ƙarfe da ruwa da yashi za su cinye, a sa bushin roba. Ramin da ƙarshen waya ke shiga ciki a yi shi a kwance, a lanƙwashe a hankali, a sa masa roba a baki. In an gama, ɗauki tsohon ɗankwali ka shafa ko'ina a ciki. Duk inda ya kama zare, a goge da fayil. Mai walda zai ce maka ai wannan ɗan tsinin ba komai, kai dai ka ce a goge. Gangar a ɗaure ta da noti a kan faffaɗan katako, katakon a ɗaure shi a mazaunin jirgi, ƙasa-ƙasa kuma a tsakiya, tunda jirgin haya za ku riƙa shiga, ba wanda zai bari ku huda masa kwale-kwale.

Mutum uku ne aikin: direba, mai kallon allo, mai waya. Gudu tsakanin kilomita 4 zuwa 7 a awa. Direbobin jirgin fasinja sun saba da murɗa wuta, sai ka zauna da naku tun a tudu ka fahimtar da shi, don in gudu ya ninka, jan da ruwa ke yi wa waya da kifi ninki huɗu yake zama, kifin kuma ya taso sama. In direba ya rage gudu ko ya sha kwana, kifi ya nitse. Saboda haka kafin kowace kwana a janyo waya, a yi kwanar da faɗi. Wajen naɗewa mai waya ya riƙa jera ta da hannu layi-layi tana ɗan tsuke, kada ta hau kan juna. Wuta kuwa daga batir, kada a ɗora janareto. Inbata mai araha ma tana sa ƙura a hoto.

Bayan aiki a wanke waya da ruwa mai tsabta, musamman in kun shiga madatsar Wasai inda ruwan Jakara ke zuba da dattin gari da na masana'antu. Ta bushe a inuwa, ranar Kano ba ta barin roba. Fulogi a rufe shi da murfinsa, ƙurar hunturu tana shiga ko'ina, kuma man silikon kaɗai ake shafa masa, giris ɗin mota yana cin robarsa. A rataye gangar sama, ɓera yana son rigar waya. Kududdufan cikin gari kuwa, inda aka fi kiran 'yan kwana-kwana, ba wurin jan kifi ba ne, babu filin tafiya. A can sai dai a ɗaure shi a jikin sanda a gefen jirgi. Tiga da Challawa suna ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Hadeja da Jama'are, ku nemi izini a rubuce, ku nisanci bakin mashigar ruwa ta bango. Ku kuma gaida sarkin ruwa na wurin kafin ku shiga, shi zai gaya muku inda aka shimfiɗa kalli da inda itatuwa suke.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin kifin gaske ya taɓa ruwa da sabuwar ganga, ku cika guntun bututu da yashi daidai nauyinsa, ku ɗaura a igiya, ku yi ta gwada saki da janyowa da kwana da tsayawar gaggawa har hannu ya saba. Daga nan ku nutsar da tsohuwar taya mai igiya da alama a sama, ku wuce ta gefenta da na'urar, ku ga ko inda allo ya ce nan take. Ka auno mini kaurin wayarku da milimita, ka ƙirga ƙusoshin da ke cikin fulogin, ka turo da sunan na'urar, sai in zana maka ma'aunin da za ka kai wa mai walda.